Rabo da Tukunyar Wankin Madam

Wanga labari in an tambaye ku, ku ce a bakin rijiya kunka tsince shi. Wanda abin ya hwaɗa ma shina nan da ranshi, kuma in za shi kasuwa ta ƙohwar gidanmu shike bi.

Rabo ban ruwan lambu shike yi a gidan kumandan, can bariki, nan Dogon Dutsi. Ban ruwa kawai, da tsinke ciyawa tsakanin salak. Amma in kunka ji shi bakin kasuwa, sai ku rantse kwano ɗaya suke ci da kumandan. "Na ce ma kumandan kaza. Kumandan ya ce mini, Rabo, mi ka gani?" Alhali kumandan ko sunanshi bai sani ba.

Mutum ɗaya ce Rabo ke tsoro a duniya, Inna Shatu, uwar matarshi Lantana. Tsohuwa ce 'yar bori daga wajen Lugu. Tun ran da Rabo ya aske ma tunkiyar Lantana gashi tas, wai haka ake yi a Hwaransa, tunkiya ta kwana tana kukan sanyi, Inna Shatu ta rantse gaban mutane. Ta ce wauta ɗaya ta rage mai. In ya sake, za ta kama hannun autarta su koma Lugu, shi zauna shi auri bakinshi.

To, Rabo ya leƙa madahwar madam, matar kumandan, ta taga, daga ran nan hankalinshi bai sake kwanciya ba. Ya ce matarshi ta gama dahuwa gindin iccen bedi awa 'yar ƙauye. Ya kwaɓa ƙasa, ya gina mata madahwa mai kusurwa huɗu, da 'yar taga, da ruhin itace da laka. Sai dai wurin da ya samu tsakanin rumbu ne da darni. Madahwar ta hito ƙarama, in Lantana ta duƙa hura wuta, bayanta na gogar bango.

Ana haka sai anka ce madam za ta koma ƙasarsu. Abin da ba ta iya ɗauka anka jera a baranda, anka ce Abdu kuku shi raba ma ma'aikata. Da anka zo kan Rabo, kayan wanki sunka rage: dutsen guga mai cin gawayi, da daro da katakon cuɗa, sai wata ƙatuwar tukunyar ƙarhe mai marhi, ta kai ma mutum ƙugu. A tsakiyarta akwai wani bututu tsaye, da 'yar malahwa a kanshi.

Abdu ya ce, "Ɗauki guga da daro, Rabo. Ka rataye su a bango, ba su tare ma kowa wuri."

Rabo ko kallonsu bai yi ba. Ya rungume tukunya.

"Kai, madam ɗakin wanki gare ta daban. Ina za ka aje wagga?"

"A madahwata."

"Ka san yadda ake aiki da ita?"

Rabo ya yi dariya har da dahe ƙirji. "Ni? Abdu, ni na koya ma mai wankin madam."

Ya kihwa ta a ka, ta ruhe shi har kahwaɗa. Haka ya ratso gari, ba shi ganin gabanshi, tukunya tahe da ƙahwahu biyu. Jaki ya gan shi ya zubar da kaya. Rabo daga ciki shina ta ihu, "Ku kauce! Kayan kumandan ne!"

A gida, tukunya ta ƙi shiga ƙohwar madahwa. Ya gwada ta tsaye, ya gwada ta kwance, ya yi mata hwaɗa da Hwaransanci. Lantana na zaune tana kallo, ta zuba tagumi.

"Maigida, wai mi ne ne wanga? Rumbu ka samo muna?"

"Ke ba ki sani ba. Wagga ita ke wanki da kanta. Ki zuba kaya, ki hura wuta, ki koma ki zauna awa madam. Wala, shi ke nan!"

"To, madam ɗin ta ƙi shiga."

Ya ɗauko gatari ya hwasa ƙohwa, ya tura tukunya ciki, ya ɗora ta kan murhu. Sa'an nan ya kwaɓa sabuwar ƙasa ya maida ƙohwar, ya matse ta har ta hi da ƙanƙanta.

"Don mi kake matse ta?"

"Don ɓarayi. Dut wanda ya zo sace ta, shi ga ta inda za shi hitar da ita."

"To ni ina zan ɗora tukunyar tuwo?"

Rabo ya duba dama, tukunyar madam. Ya duba hagu, tukunyar madam. Ya ce, "Yau dai ki yi gindin bedi. Kahin in tsara."

Lantana ta kwashe tukwanenta ta koma inda take tun hwarko.

Washegari ya ce ta cika mai tukunya da ruwa. Ta ce tulu nawa? Ya ce har ta cika. Ta ce wuyanta na ciwo, kuma gobe ma za shi yi ciwo. Dole Rabo ya ɗauki tulu da kanshi ya nuhi rijiya, tsakiyar mata. Can ya tarad da Hasiya, maƙwabciyarsu, kuma taubashiyarshi, wadda bakinta ba shi da marhi.

"La! Ga kumandan ya zo ɗiban ruwa! Ku ba mushe wuri, yallaɓai na Hwaransa!"

"Hasiya, ki yi dariya yau. Gobe ke za ki zo kina roƙo in wanke miki zane."

"Ka hwara wanke wandon nan naka, tun bikin Lantana shike kuka."

Ya yi ta jigila har wuyanshi ya sage. Ya zuba rigarshi da wandonshi. Bai san yawan sabulun da ake sawa ba, don ta taga kawai ya taɓa hangen abin. Sai ya jehwa curin sabulun salo guda, ya ƙara da kanwa, ya ruhe. Ya kwashe itacen da Lantana ta tara na kwana da kwanaki ya cusa a murhu.

Da hwarko shiru. Can sai tukunya ta hwara gurnani. Gurrr. Gurrr. Marhi ya shiga rawa, kwaram kwaram. Ashe in ruwa ya tahwasa, bututun nan shike bi shi hau sama, shi watso kan kaya. Rabo bai san da haka ba. Ya ɗaga marhi don shi leƙa, ruwan zahi ya yi tsartuwa ya same shi a gemu. Ya saki marhi ya hito da gudu shina kiran uwarshi.

Bayanshi kumhwa ta biyo. Hwara tas, ta cika madahwa, ta hito ta ƙohwa, ta hito ta taga, tana tahiya tsakar gida a hankali awa mai rai. Kaji sunka watse. Maƙwabta sunka leƙo ta kan darni.

Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, iskar annasara ce ya ɗauko! Ku kai mata hura!"

Hasiya ta ce, "A'a, Iya, ku bari. Kumandan ne ke magana da Rabo daga ciki. Ba ku ji muryarshi ba?"

Rabo ya gyara tsayuwa, gemu na ɗiga. "Haka take yi. In ba ta yi haka ba, to ba ta da lahiya."

Abin haushi, da wuta ta mutu ya tsamo rigar, sai ga ta hwara ƙal. Ko ran da anka ɗinka ta ba ta yi wanga haske ba. Nan Rabo ya ƙarasa lalacewa. Ya sa ta da danshinta ya zaga kasuwa har sau biyu. Ya ce ko a Yamai mutum uku ne kawai sunka iya tukunyar nan, biyu sun koma Hwaransa.

Kullum sai ya dahwa wani abu. Ya dahwa hularshi ta koma ta yaro. Ya dahwa igiyar guga. Lantana ta ce, "Maigida, bangon nan zuhwa shike yi. Taɓa ka ji, yatsa na shiga."

"Haka bangon annasara ke yi. Numhwashi ne."

Ana nan sai ga Inna Shatu ta iso daga Lugu. Za a yi wasan bori a hilin zima, shugaban masu bori na unguwa, don wata mata da ta daɗe kwance. Ta sauke lehenta a ɗakin Lantana. Rabo ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa bayan rumbu ya yi gaisuwa, kanshi ƙasa, don kunyar surukai. Ita ma ba ta dube shi ba, rumbu ta amsa ma. Da sahe ta ja Lantana sunka tahi gaida zima.

Rabo ya shiga ɗaki ya ga lehe. Wallahi da ya wuce abinshi da ba a yi wanga labari ba. Amma sai ya ɗaga marhi.

Zanna biyu ne ciki, a naɗe. Ɗaya hwari, na saƙi, shi ake yahwa ma wadda Doguwa Hwara ta hau. Ɗaya baƙi wuluk, rinin shuni, an buge shi har shina walƙiya, na Doguwa Baƙa. Ni ko sunayen nan ba ni son in cika kira. Kowa a Arewa ya san ba a haɗa su, ba a musanya su, kuma ruwa ba shi taɓa su. Turare kawai ake yi musu.

Rabo ya shinshina. Hayaƙin turare, da zuhwa, da ƙurar hili ta shekara da shekaru.

Ya ce a ranshi, yau tsohuwar nan za ta san wa ɗiyarta ke aure. Za ta buɗe lehe gaban jama'a, haske shi kashe ma kowa ido. Za ta ce wa ya yi wanga aiki? A ce Rabo. Daga ran nan ba ta sake tuna zancen tunkiya.

Ya jehwa su tare cikin tukunya. Ya ƙara kanwa ninki biyu, don na surukuwa ne. Tukunya ta yi gurnani, bututu ya yi ta watsi. Wanga karon kumhwar da ta hito shuɗiya ce. Rabo ya ce dauɗa ce ke hita.

Da ya tsamo, ya matse na hwarko, ya ɗaga. Ya matse na biyu, ya ɗaga. Ya dubi wanga, ya dubi wancan. Hwarin ya tahi. Baƙin ma ya tahi. Dukansu sun koma wani launi guda, tsakanin toka da bayan kurciya. Ko shi da ya zuba su bai san wanne ne wanne ba.

Sa'an nan ya dubi hannuwanshi. Shuɗi har gwiwar hannu.

Ya cuɗa da toka, ya cuɗa da yashi, ya cuɗa da tsamiya. Shuni ya ce ina nan. Ya shanya zanna bayan rumbu inda ba mai gani, ya yi ta yi musu hihita da hwaihwai. Sunka bushe, ya naɗe, ya maida cikin lehe. Ya saka babbar riga cikin zahin rana, ya cusa hannuwa ciki. Ya ce ƙila tsohuwa idonta ya yi rauni.

Bayan la'asar gari ya taru a hilin zima. Mai goge na ja, mata na kaɗa ƙwarya, an shimhiɗa tabarmi. Rabo ya so shi zauna gida, Hasiya ta biyo ta ja shi. "Surukarka na wasa ka ƙi zuwa? Tashi, mushe." Ya raɓe can baya, gindin wani gawo.

Inna Shatu ta zauna tsakiyar hili, ta jawo lehe, ta buɗe. Ta ɗago zane. Ta aje. Ta ɗago ɗayan. Ta aje. Ta sake ɗago na hwarko.

Goge ya yi wani kuka ya tsaya. Ƙwarya ta tsaya.

Zima ya matso ya duƙa. "Shatu, wanne ne na Hwara?"

Ta juya zanna, ta sake juyawa.

"To wanne ne na Baƙa?"

Ta kai zane hanci. Ba ƙamshin turare, sai sabulun salo. Ta ɗaga kai a hankali ta dubi Lantana. Lantana ta dubi ƙasa. Jama'a kuwa gaba ɗaya sunka juya sunka dubi gindin gawo.

Ba dama, dole Rabo shi zo. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa nesa kaɗan, hannuwa cikin riga. Inna Shatu ta juya mai ƙeya, don ko cikin hushi ba ta magana da suruki baki da baki. Ta yahito Hasiya.

"Hasiya, tambayi wancan, wa ya taɓa mini lehe."

Hasiya ta tako taki biyu, ta ɗaga murya yadda na bayan hili za su ji. "Rabo, Inna ta ce wane mara kunya, mai gemun bunsuru, ya taɓa mata lehe?"

"Ban ji ta ce gemu ba."

"A ranta ta ce. Amsa."

"Ce mata... ce mata ƙila raɓa ce. Raɓar bana mugunya ce."

"Inna, ya ce raɓa ce ta shiga ɗaki, ta buɗe lehe, ta zo da sabulunta."

Mutane sunka hwara ƙyalƙyala, suna toshe baki saboda zima.

Inna Shatu ta ce, "Ce mai shi gaishe ni yadda ake gaida manya. Tun da ya zo hannunshi na cikin riga. Ko kuturu na ba ɗiyata?"

"Rabo, hito da hannu."

"Sanyi nike ji."

"Zuhwa na zuba a gemunka."

"Zazzaɓi ne."

Zima da kanshi ya ce, "Ɗana, hito da su."

Rabo ya zaro hannuwa. Ya dahe ƙasa da su, shuɗi shar, har hwarce. Hili ya ɓarke. Mai goge ya kwanta a tabarma shina riƙe ciki. Har matar da anka taru dominta, wadda ta yi wata ba ta ɗaga kai ba, ta ce a tada ta zaune ta gani.

Rabo ya ga ba mahita, sai bakin ya dawo. "Hasiya, ce mata wanga launi shi ake yayi a Hwaransa. Madam da kanta..."

"Inna, ya ce a gaya ma Doguwa ta koma Hwaransa."

"Ban ce ba! Wallahi ban ce ba! Zima, ka shaida ban ce ba!"

Inna Shatu ta miƙe. Ta naɗe zanna, ta kama hannun Lantana. "Auta, tashi. Gobe da sahe Lugu."

Nan Rabo ya ɗora hannuwa a ka. Ya bi su da rarrahe, ya manta da kunya, ya manta da kumandan. Ya ce za shi kai saƙa a yi sabon hwari, za shi kai marina a rina sabon baƙi a buge. Zima ya ƙara da akuya baƙa da hwarar kaza na ban haƙuri, Rabo ya ce ya ɗauka. Dattawa sunka sa baki. Lantana ma ta ce, "Inna, wawa ne, amma ba shi duka, kuma shina ɗebo ruwa yanzu."

Tsohuwa ta tsaya.  Can ta ce, "Hasiya, ce mai ɗiyata ba ta kwana gida ɗaya da tukunyar nan. In rana ta hwaɗi tukunya na ciki, to shi da tukunyarshi Allah shi ba su zaman lahiya."

Rabo ya zabura a guje, gari ya bi shi. Ya shiga madahwa ya rungumi tukunya ya jawo. Ƙohwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya juya ta, ya karkata ta, ya tura da kahwaɗa.

Lantana ta ce daga tsakar gida, "Maigida, ai don ɓarayi ka matse ta."

Rana ta yi ja, ta kusa taɓa dutse. Hasiya na tsaye tana ba da labari. "Saura kamu ɗaya, mushe. Inna ta hwara ɗaure kaya."

Wani ya miƙo gatari. Rabo ya ce a'a, ba a sara ma ginin annasara gatari sau biyu, dabara ake yi. Ya ɗaura igiya a kunnuwan tukunya, ya hito waje, ya naɗe igiya a ƙugu, ya ce kowa shi matsa shi ga aiki. Ya tokare ƙahwa ya ja da ƙarhinshi duka.

Bangon nan da ya sha tururi kullum, ya yi laushi awa tuwon jiya. Ƙohwa ta taho. Bango ya biyo ta. Ruhi ya duba ya ga ba mai riƙe shi, ya zauna. Tukunya ta hito tana gangara, ta bi ta kan Rabo, ta juye mai sauran ruwan shuni tun daga ka har ƙahwa, ta wuce ta tsaya gaban Inna Shatu tana kaɗawa.

Ƙura ta lahwa. Inda madahwa take sai tudun laka, bututun tukunya, da ya zare ya hwaɗi, ya leƙo daga ciki da 'yar malahwarshi.

Inna Shatu ta dubi tukunya, ta dubi rana, ta saki hannun Lantana. Ta ce ma Hasiya, "Ce mai tukunya ta hita. A kai ta marina, su sunka san darajar shuni."

Lantana ta wuce gindin bedi ta hura wutar tuwo. Rabo ya tashi zaune cikin laka, shuɗi har cikin kunne, ba abin da ke hwari sai idanu. Ya dubi jama'a, ya share baki.

"Kun gani? Ja ɗaya. A bariki sai gardi huɗu ke ɗaga ta."

Shunin nan bai bar huskarshi ba har anka yi girbi. In kunka gamu da shi hanyar kasuwa, ku gaishe shi kawai ku wuce, kada ku dubi bayan kunnenshi. Kuma ni ban gaya muku komi ba.